Hayar Tarko a Gonakin Ranuna

Jiya da la'asar, ina sauke keji daga bayan wanet, a-kori-kurar nan tamu, a ƙofar warsha, shagon waldarmu, na ji ɗayanku yana tambaya wai wannan ma sana'a ce? Wai akwatin ƙarfe ne da guntun nama, a ajiye a tafi a yi barci, da safe a zo a miƙa hannu. Sauran kuka yi dariya. Ban tanka ba, don ina ɗauke da ƙarfe, kuma wanda ya ɗauki keji ba ya magana sai ya dire shi. Yau na dire. Ku ajiye wayoyin nan ku matso.

Sunana Isa, amma a Madina Isa Masyada ake ce mini, wato Isa mai tarko. Ba a kan kare na koyi aikin nan ba. A kan aladen daji na koya, gyado, a ƙauyenmu da ke bakin dajin Birnin Gwari, a hannun ƙanen mahaifiyata, Kawu Tanko. Maƙeri ne, yana kuma da tarkunan da yake ba manoma haya. Idan rogo da dankali suka fara saka, gyado ya fara shiga, sai mai gona ya zo maƙera ya durƙusa. Kawu ba ya sayar da tarko ko nawa za a ba shi. Sai dai ya je da kansa ya kafa, ya kula da shi har a gama, ya kwashe kayansa, da kaka a auna masa rabonsa.

Gonar rogon Sarkin Noma ita ce aikina na farko, kuma ban taɓa ko igiyar tarkon ba. Kawu ya sa ni rarrafe a gefen gonar tun hantsi har azahar, ya ce in dawo in gaya masa su waye ke shiga. Na dawo na ce gyado ne, da yawa. Ya ɗauki ƙotar gatari ya zungure ni a haƙarƙari, ya ce wannan ai Sarkin Noma ma ya sani, shi ya sa ya kira mu. Na koma. Sai da na iya bambanta sawun tsohuwar uwa da na 'ya'yanta, na gane ta inda suke shiga da inda suke fita, da wanda yake tsayawa a baya yana shinshina iska, sannan ya bar ni na ɗauki turaku. Shinge muke kafawa mai faɗi, da ƙyauren katako mai nauyi wanda ke faɗowa daga sama. Sai a ɗaure ƙyauren a buɗe, a zuba dusar da ta yi tsami, a tafi. Su ci su fita, gobe su ci su fita. Mai gona yana zuwa yana kumfar baki, wai mun zo kiwata masa aladu. Kawu ba ya ko ɗaga kai. Idan ka saki ƙyaure a kan biyu, sauran sun koyi karatu ke nan, ba za su ƙara kusantar shinge ba, kuma rogon ne zai biya. Sai ranar da mai shinshina iskar nan ya shiga da kansa ake ɗanawa. Duk tsawon aikin ba wanka da sabulu. Gyado da aka rufe kuwa yana tsaga katako da haure, akwai tabo a cinyar Kawu da za ka iya kwantar da yatsa a ciki. Mu ba ma ci, maƙwabtanmu Gwarawa ke zuwa da māsu su gama da su, amma Kawu yana tsaye a kansu sai sun gama kafin rana ta ɗaga. Ya ce ƙazantar dabba ba ta ba kowa izinin ya azabtar da ita ba.

Na zo garin nan a farkon shekarun casa'in da bizar leburan gona. Kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a biza, Ammu Bakur ne, kamar mu ce Baffa Bakur, mai warshar nan ta walda. Ɗan ƙasa ne, kakansa ya tako daga Kano da ƙafa, kuma Hausarsa irin ta da ce, rabi a jiƙe da Larabci. Yana da gonar dabino a Ranuna, da ciyawar dabbobi ta barsim, da 'yan tumaki. Aikina hawan dabino da buɗe ruwa. Wata safiya na tarar da 'yan raguna a yayyage a cikin garke, wani ma da sauran rai. Karnuka ne. A lokacin bayan gonakin nan babu gini, baƙaƙen duwatsun nan da ake kira harra ne har iyakar ganinka, kuma karnukan suna haihuwa a cikin kogunansu. Su ci ragowar shinkafar da ake zubarwa a bakin gari, su yi ƙarfi, su shigo gona. Suna kashe dabba, suna tauna tiyon ban ruwa don ƙishi, suna tare ma'aikata a hanyar sallar asuba. Na ce wa Ammu Bakur ni na san maganinsu, na yi aikin aladen daji a gida. Ya yi a'uziyya, ya yi dariya har da tari, ya ce a Madinar zan kama alade? Na ce masa garke garke ne, duk akwai uwa, akwai mai tsoro a baya. Ya ba ni tsohon gadon ƙarfe da guntayen rodi, ya ce mai walda ya yi duk abin da na ce. Kafin wata ya ƙare garken da ke damunsa ya tafi gaba ɗaya. Maƙwabcinsa ya zo aro. Na ce kada a ba shi aro, kada a sayar masa, a ba shi haya, ni in bi kejin. Haka sana'ar ta fara, da sunan warsha, don baƙo ba ya buɗe kasuwanci da sunansa, wannan ku ma kun sani.

To, ga kejin da kuka raina, ku duba shi da kyau. Ragar nan ba ta kaji ba ce, kare yana tsinka ta kaji da haƙori ya yanke bakinsa. Duk inda aka yi walda na bi shi da zarto, don dabbar da ta firgita tana dukan kowace kusurwa da fuska. Wannan farantin na ƙasa shi ne mataki. In ya yi sauƙi, kyanwa ta taka ya rufe, ka wayi gari da kyanwa, karnuka kuwa sun tsaya sun kalli yadda abin yake aiki. In ya yi tauri, kare ya ci ya fita ya gode maka. Ƙyauren kuma dole ya faɗo bayan wutsiya ta shige, ba a kan ƙugu ba. Na taɓa ganin kejin wani da ya kwaikwayi nawa ya gajarta shi don tsimin ƙarfe, ƙyauren ya karya wa karya baya. Kwanon ruwan nan a like yake da walda, don kada a kifar da shi. Kuma ba a ajiye keji a fili. Ku da aka haifa a nan kun san yadda ƙarfe yake a watan da dabino ke nuna, ko murfin mota ba ka iya dafawa. Sai a gindin dabino, a zuba yashi a ƙasan, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Abincin tarko kawunan kaji ne da hanji, daga wurin mai yankan kaji a Azizya nake kwasowa, kuma ƙamshin da nake yi ke nan kuna toshe hanci in na wuce. Sannan kowace safiya bayan sallar asuba sai na zaga duk kejin da ke waje, daga Ƙurban har ƙarshen Ranuna, kafin rana ta yi zafi. Juma'a, Idi, azumi, zazzaɓi, babu fashi. Wanda ya shiga sai a ɗora shi a mota a miƙa wa ma'aikatan baladiyya, hukumar gari. Abin da suke yi da shi aikinsu ne. Nawa shi ne kada dabba ta gasu da ranta a cikin ƙarfen da na ƙera.

Masu gona kuwa, na ga iri-iri. Akwai wanda na je na tarar ya kwance tarkon ya zuba tantabaru a ciki, yana ta ƙorafin karnuka ba su ragu ba. Akwai wanda ya ɗora kejina a mota ya kai wa surukinsa can wajen gari bai gaya mini ba, na yi yini ina nema. Akwai wanda ya cire ƙyauren ya gasa nama a kai. Wani kuma yanyawa ta faɗa kejinsa, na iso na same shi da itace zai rotse ta, wai ta ci masa kaza. Na tsaya tsakaninsa da kejin na tuna masa a ina yake tsaye. Madina harami ce, ba a farauta a cikin iyakarta. Kare mai cizo hukuncinsa daban, amma zomo ko yanyawa in sun faɗa, sakinsu ake yi. Ya ce wani Takaruni, wato baƙar fata irina, shi zai koya masa addini? Na ce ni ba malami ba ne, amma kejin na warsharmu ne, kuma abin da ke ciki ba zai mutu a ciki ba. Na kai ta can nesa cikin harra na buɗe mata. Bai sake kiranmu ba, Ammu Bakur ya ce Allah ya raka taki gona... a'a, ba haka ya ce ba, shi Larabci ya yi, ya ce ma'assalama kawai, ya ci gaba da shan shayinsa.

Wadda ban taɓa samun matsala da ita ba ita ce Inna Hawwa. Tsohuwa ce, mijinta ya rasu, a nan aka haife ta, iyayenta ta Sudan suka biyo, shi ya sa Hausarta ke da wani lanƙwasa. Tana da ɗan fili a bakin Ranuna, dabino kaɗan da awaki. Nonon awakin take sayarwa da man shanu, da shi take riƙe kanta da 'yarta marar lafiya. Duk shekara idan awakin za su haihu sai in kai mata keji, Ammu Bakur ya hana a karɓi komai a hannunta. Ita kaɗai ce cikin masu gona take cika kwanon ruwa ba sai na ce ba. In kare ya shiga kafin in iso, sai in tarar ta ƙara jiƙa buhun, tana zaune daga nesa tana zaginsa, tana ce masa ɓarawo ɗan ɓarawo.

Mummunar shekarar ta zo bayan shigowar dubu biyu da kaɗan. Ammu Bakur ya faɗi a warsha, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ƙi fita. Ɗansa Faisal ya karɓi komai. Faisal ba mugu ba ne, a gabana ya girma, yana jin Hausa sarai amma da Larabci yake amsawa. Sai dai shi ƙofofi da tagogi ne a ransa, don a lokacin ana ta yanka gonaki ana gine-gine, aikin walda ya yi yawa. Keji a wurinsa wari ne da wahala. A shekarar ce wani da ake kira Abu Nayif ya sayi babbar gonar da ke jikin filin Inna Hawwa, ya sare rabin dabinon, ya gina istiraha, wurin shaƙatawa da ake kamawa don biki. Shi kuma babban mai ba Faisal aiki ne, duk ƙarfen ginin daga warsharmu ya fita. Ragowar abincin biki a bayan katanga ake zubarwa, don haka karnukan harra suka koma can da zama.

Ran Litinin Abu Nayif ya kira, yana da biki ran Alhamis, yana so kafin nan babu kare ko ɗaya. Na kai kejina na zaga wurin. Babban garke ne, da karya mai shayarwa a gaba. Na ce masa ba zai yiwu ba. Dole a daina zubar da abinci a bayan katanga, a bar su su ji yunwa, a ciyar da su a keji a buɗe har su saba, sannan a ɗana. Na ce ranar bikin zan zo da kaina in tsaya a bayan katanga in kore su, baƙinsa ba za su ga kare ba. Bai ko dube ni ba. Ya ciro wayarsa ya kira Faisal a gabana, yana cewa ma'aikacinka yana koya mini yadda zan yi da gidana. Faisal ya ce in bar kejin in tafi. Na ɗaure ƙyamaren a buɗe da waya, na cika ruwa, na nuna wa mai gadin wurin, wani ɗan Bangaladash mai suna Nuruddin, na ce kada kowa ya taɓa sai na zo.

Laraba da safe na iso, tun daga hanya na ga abin da ban taɓa gani ba. Karnuka a warwatse a ƙasa, baki da kumfa, wasu suna shure-shure. Kyanwoyi. Tsuntsaye a gindin dabino. An kwaɓa shinkafa da nama da maganin ƙwarin dabino, an zuba a cikin kejina, an kuma bi jikin katanga da ita tire-tire har zuwa inda shingen Inna Hawwa ya yi ɓaraka. Ta nan awakinta ke leƙowa kullum su ci ciyawar gefen rafi. Akuya kuwa ba ta ƙin shinkafa. Na tsallaka na sami Inna Hawwa a durƙushe a tsakiyarsu, tana ɗura wa ɗaya madara da gawayi da ludayi. Cikinsu ya kumbura kamar salka, kuma yawancinsu da ciki. Muka yi ta ɗurawa har rana ta take. Ba wadda ta tashi. Tsohon bunsuru kaɗai ya rage, shi ma don a ɗaure yake.

Kafin azahar motar shurɗa, 'yan sanda, ta zo, maƙwabta suka kira. Abu Nayif ya iso cikin farar riga, ya rufe hanci da gefen shimagi, mayafin kansa, ya ce shi bai san komai ba, ya ɗauko masu tarko su yi masa aiki, ga kejinsu nan, ga gubar a ciki. Aka tambayi Nuruddin. Ya dubi ƙasa ya ce bai ga kowa ba. Ban ga laifin 'yan sandan ba, guba a cikin kejina suka gani, da sunan warsha a jiki. Suka sa ni a mota.

Ku da kuke cewa a ajiye keji a tafi a yi barci, ku ji inda barcin ya kai ni. Na yi kwanaki a tsare. Kuma ba maganar awaki kaɗai ba ce. Iƙamata, takardar zamana a ƙasar, ta leburan gonar Ammu Bakur ce, ga ni an kama ni ina aiki a gonar wani. In aka bi wannan zaren, ni tarhil za a kai ni, inda ake tara waɗanda za a kora, a ɗora a jirgi, warsha kuma ta sha tara. Faisal ya san haka. Ya zo ya same ni, ya zauna, ya ce ya yi magana da Abu Nayif, mutumin ya yarda zai sa baki a kashe maganar. Abin da ake so kawai in ce ni na zuba, bisa kuskure, ban san akwai awaki ba. Ranar ce kaɗai na ji ya yi mini Hausa.

"Amm Isa, don Allah. Ka ce kuskure ne, halas, shi ke nan, mu koma gida."

Na ce masa, "Faisal, babanka bai taɓa sa ni yin ƙarya ba. In jirgi ne, a kawo jirgin. Ban zuba ba."

Ya tashi ransa a ɓace. Ya ce ina da taurin kai, zan rusa abin da babansa ya gina saboda awaki. Saboda awaki, haka ya ce. In na amsa wannan laifi, wace gona zan ƙara shiga? Duk sana'ar a kan abu ɗaya take tsaye, cewa mai gona zai iya barin kejina kusa da dabbobinsa da jikokinsa ya juya baya.

Inna Hawwa ce ta fitar da ni. Ta ɗauki tasi ita kaɗai, da sandarta, ta zo ofishin. Aka fito da ni aka tsayar a gabanta. Jami'in ya tambaye ta ko tana da ƙara a kaina. Ta yi masa Larabcin Madina tsantsa, irin wanda shi kansa sai da ya gyara zama.

"Wannan? Shekara da shekaru ina kallonsa yana ba kare ruwa a keji, yana lulluɓe shi da buhu kamar jariri. Shi zai zuba guba? Ku sake shi. Wanda ya zuba ya san kansa, ni ma na san shi."

Jami'in ya ce ta faɗi sunan, a rubuta. Ta ƙi faɗa. Daga baya ta gaya mini dalili. Ba ta da shaida sai Nuruddin, kuma in aka matsa, a kansa abin zai ƙare, don hannunsa ne ya kwaɓa, shi kuwa mai gidansa zai ce bai umarce shi ba. Ga shi ruwan da take ba dabinonta daga rijiyar gonar Abu Nayif yake biyowa tun zamanin tsohon mai gonar. Ta dangwala yatsa ta yafe ƙarar gaba ɗaya. Wannan dangwalawar ta sake ni, ta kuma saki wanda ya kashe mata dukiya, bai biya ko igiyar akuya ba. Bikinsa kuwa an yi shi ran Alhamis kamar yadda ya tsara. Tun ran Laraba da yamma aka kawo mota ta kwashe mushen.

Na dawo warsha na tarar babu keji ko ɗaya. Faisal ya kira masu sayen tsohon ƙarfe sun ɗora a sikeli sun tafi da su. Aikin shekara goma da wani abu, kowanne na san inda na lanƙwasa shi da hannuna, an auna shi kamar tsofaffin gwangwanaye. Na tafi gida wurin Ammu Bakur, yana kwance a kan gado, na gaya masa komai a gaban ɗansa. Bakinsa ya karkace, ba ya iya haɗa kalma. Ya ɗaga hannun da ke motsi ya nuna ni, ya nuna wajen warsha, ya bugi katifa. Ya sake bugawa. Faisal ya sunkuyar da kai. Da wannan bugun katifar na samu kusurwar nan da kuke gani, da injin walda bayan an tashi aiki, aka kuma gyara mini takardata ta koma ta warsha. Na fara daga farko, keji ɗaya bayan ɗaya. Amma masu gona da yawa ba su dawo ba. Labari ya riga ya zaga cewa mai tarkon nan ya kashe awakin wata tsohuwa, kuma wanda ya ji farkon labari ba ya zuwa neman ƙarshensa. Wasu kuma sun gano guba ta fi sauri. A shekarar na ga mushen yanyawa da shaho a gonakin Ranuna fiye da duk abin da na gani a rayuwata. Karnukan kuwa, da kaka wani garken ya sauko daga harra ya maye gurbin na da, tunda shinkafar tana nan a bayan katanga.

Shi ya sa yau duk wanda ya zo neman keji sai na je na ga gonarsa da maƙwabtansa tukuna. In ya ce gobe yake so a gama, in ce ya nemi wani. In na ga galan ɗin maganin ƙwari a kusa da inda zan kafa, in tambaye shi na mene ne, in kalli idonsa yana amsawa. Kuna cewa ina korar masu ciniki. Ina korarsu.

Wajen shekara guda bayan abin, wata safiya na fito na tarar da Nuruddin a ƙofar warsha, riƙe da igiya, da akuya a ƙarshenta. Baƙa ce mai farin goshi, cikinta ya tsufa. Shi kuwa Nuruddin ya rame ƙwarai. Ya ce ya gama, an buga masa bizar fita, jirginsa jibi. Ya je kasuwar dabbobi da abin da aka sallame shi da shi ya sayo ta, yana so in kai shi wurin tsohuwar, don shi kaɗai ba zai iya shiga ba. Na buɗe bayan wanet muka ɗora ta.

Muka sami Inna Hawwa tana tsince busasshen dabino a tabarma. Tun bayan awakin, abin da take sayarwa ke nan, da ɗan turaren wuta. Nuruddin ya tsaya daga bakin shinge, ya fara magana da guntun Larabcinsa, ya ce shi ya kwaɓa, mai gida ne ya kawo galan ya tsaya a kansa, ya ce in bai yi ba ya haɗa kayansa. Ya ce bai yi barci mai daɗi ba tun ranar. Sai kuka ya ci ƙarfinsa. Ta bar shi ya gama. Ta tashi ta zaga akuyar, ta buɗe bakinta ta duba haƙora, ta shafa hantsar, ta ce an cuce shi a ciniki, akuyar ta fi shekarun da aka gaya masa. Sannan ta tambaye shi 'ya'yansa nawa a gida, da me zai kai musu. Ya ce babu komai, duk kuɗin a kan akuyar nan ya ƙare.

"Ba kai ka kashe mini awaki ba, waladi, ɗana," in ji ta. "Amma ba zan hana ka sauke abin da ka ɗauko ba. Ɗaure ta can kusa da bunsuru."

Ta shiga ɗaki ta fito da kwali, ta cika shi da dabinon da ta tsince, mai kyaun, ba na sayarwa ba, ta ce ya kai wa yara tsarabar Madina. Ya ƙi karɓa, ta daka masa tsawa, ya karɓa. Na mayar da shi masaukinsa yana rungume da kwalin a cinya.

Akuyar ta haifi biyu, kuma daga ita Inna Hawwa ta sake tara ɗan garke, ko da yake bai kai na da ba. Ta rayu shekaru bayan haka. Tsakanin ƙofarta da ƙofar istirahar nan, in ka yi magana da ƙarfi za a ji ka. Abu Nayif yana zuwa duk mako, yana ajiye motarsa a jikin shingenta don inuwar dabinonta. Har aka ɗauki gawarta zuwa Harami, Masallacin Annabi, don yi mata salla, bai taɓa tsallakowa ya ce mata sannu ba.